Harajin masauki: matakan da mai gidan shotlet a Kaduna zai bi

Tun da na ba da labarin yadda na mayar da fulat ɗina na Malali gidan saukar baƙi na kwana-kwana, abin da 'yan birni ke kira shotlet, tambaya ɗaya ta ƙi ƙarewa: to harajin fa? Wani ya ce shi ɗaki biyu ne kacal gare shi a Barnawa, ina ruwan gwamnati da shi. Wata baiwar Allah ta ce an kawo mata takarda, ta cusa ta ƙarƙashin katifa, yau wata biyu ke nan barcinta rabi da rabi. Ga amsar gaba ɗaya, daki-daki, yadda nake yi da nawa fulat ɗin da kuma na Gwaggona da ke Kinkinau, wanda ni ke kula da shi.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu shiga. Harajin masauki ba daga aljihunka yake fita ba. Baƙo ne ke biya, kai ajiya aka ba ka ka miƙa. Duk wanda na gani ya shiga uku a harkar nan, cin ajiyar ne ya kai shi.

1. Rarrabe harajin tukuna

Mutane na haɗa komai su kira shi "kuɗin gwamnati", shi ya sa kai ke ɗaurewa. Kashi uku ne, kuma kowanne da mai shi.

Na farko shi ne harajin masauki, wanda a ofis za ka ji ana ce wa Consumption Tax. Jiha ce ke karɓarsa daga otal-otal, gidajen baƙi, gidajen abinci da wuraren biki, kashi 5 cikin 100 na abin da baƙo ya biya. A nan hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha, KADIRS, ita ke da shi, a ƙarƙashin dokar da ta tattara harajin Kaduna wuri guda, wadda aka fara yi a 2016 aka sabunta a 2020. Wata-wata ake miƙa shi.

Na biyu VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kaya da hidimar da aka saya, kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020. Wannan na tarayya ne, kuma ba kowa ya hau ba. Za mu zo kansa.

Na uku harajin ribarka ta shekara. Shi ne kaɗai ke fita daga jikinka.

Bayan su akwai ƙananan kuɗaɗen da ke bin gida da wurin sana'a: kuɗin ƙasa na shekara da ake biya ta KADGIS, hukumar kula da filaye ta jiha, rajistar wurin kasuwanci, kuɗin kwashe shara. Waɗannan ba a ɗora wa baƙo a rasit, cikin ɗawainiyar gida suke.

2. Gyara takardun gidan

Idan gidan naka ne, fito da takardar mallaka, ka tabbata ba a bin ka kuɗin ƙasa. Idan haya ka kama kana sa baƙi, nemi amincewar mai gida a rubuce, da sa hannu da shaida. Amincewar baki ba ta wuce ranar da ya ga motoci sun yi layi a ƙofar gidansa.

Hattara: gidan da aka ba wa izinin zama daban yake da gidan kasuwanci a tsarin gari. Fulat ɗaya a cikin gidan da kake zaune ba ya tayar da ƙura sosai, amma in za ka mayar da gini sukutum masauki, ka kafa allo, ka fasa katanga ka yi wurin ajiye motoci, ka leƙa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya.

3. Sunan kasuwanci da lambar haraji

Yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. Ta intanet ake yi, kuma kana iya yi da kanka. Kuɗin hukuma na nan a shafinsu, duk abin da ya hau kansa ladan ejan ne. Sannan ka mallaki lambar haraji, TIN. Kyauta ce, a yanzu kuma an ɗaure ta da lambar NIN, don haka sunan da ke kan katin ɗan ƙasa, da na banki, da na CAC su zama iri ɗaya. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya sa ka yi sati kana sintiri.

Hattara: kada zumuɗi ya sa ka yi rajistar kamfani mai "Limited" don suna ya yi daɗi a kati. Da sunan kasuwanci, ribarka ta mutum ɗaya ce, jiha ke karɓar harajinta. Da kamfani kuwa ka koma hannun hukumar tarayya, wadda aka sani da FIRS, ta zama NRS daga Janairun 2026, ga kuma akanta da rahoton shekara. Mai fulat ɗaya ko biyu bai buƙatar wannan kaya.

4. Kai kanka ofis

Wannan matakin ne mutane ke tsoro, alhali shi ya fi sauƙi. Je ofishin KADIRS da ke kula da yankinka. Ka san ƙaramar hukumar da gidan yake: Malali da Unguwar Rimi Kaduna ta Arewa ne, Barnawa Kaduna ta Kudu, Narayi Chikun, Rigasa Igabi. Riƙe satifiket ɗin CAC, lambar haraji, katin shaida, takardar gida ko ta haya, da kwafi bibbiyu na kowanne.

Faɗi gaskiyar abin da kake yi: ɗaki nawa, nawa ne kwana, yaushe ka fara. Ka roƙi abu uku, kuma a rubuce: rukunin da aka sa ka, jerin abin da ya hau kanka da adadinsa, da ranar ƙarshe ta biyan kowane wata. Wasiƙar da ka kai, a buga wa kwafinka hatimin karɓa da kwanan wata. Takardar nan ita ce garkuwarka duk ranar da wani ya zo da wata magana daban.

Ni shawarata ka kai kanka kafin a zo nemanka. Wanda ya shigo da ƙafarsa da littafinsa a hannu, da lissafinsa ake farawa. Wanda aka gano shi kuwa, ƙiyasi ake yi masa, mai ƙiyasi kuma bai san watan azumi ɗakunanka a rufe suka yini suka kwana ba.

5. Sa harajin cikin farashi

A nan ake yin asarar da ba a gani. Hanya biyu ce, zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Ta farko, ka ɗora shi a fili. Misali kwana ₦40,000 ne, baƙo ya yi kwana uku, ₦120,000 ke nan. Kashi 5 ya zama ₦6,000. Zai biya ₦126,000, rasit kuma ya nuna layi biyu: kuɗin ɗaki, harajin masauki.

Ta biyu, ka faɗi farashi dunƙule, haraji na ciki. Mutanenmu sun fi son wannan, domin ba abin da ke ɓata wa baƙo rai irin a gama ciniki a waya, ya iso da iyali da akwatuna daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, sannan a ce masa akwai ciko. Amma lissafinta daban ne. Idan ₦120,000 ɗin ne duka abin da ya biya, ba ₦6,000 ne harajin ba. Raba kuɗin gida 105, ka ɗauki 5: ₦5,714 ne na gwamnati, ₦114,286 naka. Ma'ana ɗakin da kake kira na dubu arba'in, dubu talatin da takwas da 'yan kai yake kawo maka. In ba ka yarda da haka ba, ɗaga farashin zuwa ₦42,000 tun a talla, ka rubuta "har da haraji".

Ni ta biyun nake bi, amma rasit ɗina yana fayyace kashi biyun. Baƙon da ya zo biki bai damu ba. Wanda ofis ya turo aiki shi zai nemi rasit mai layi-layi, don da shi zai karɓo kuɗinsa.

Hattara da abu uku a nan. Kuɗin shara da wanki da abincin da ka caji baƙo, duk cikin jimillar da ake cire kashi 5 suke, kada ka ɓoye su a gefe. Kuɗin ajiya na ɓarna kuwa, wanda kake mayar masa in bai fasa komai ba, ba ciniki ba ne. Rubuta shi a shafi daban, kada ya kumbura maka lissafi. Sai ragi: in ka yi wa abokin Yaya ragi ya biya dubu talatin, rubuta talatin ɗin da dalili. Littafin da ke cewa arba'in, banki na cewa talatin, tambaya yake jawowa.

Wanda ya kama ɗaki na shekara ɗan haya ne, ba baƙo ba. Yi masa yarjejeniyar haya a rubuce, ka fitar da shi daga littafin baƙi.

6. Asusu biyu, littafi ɗaya

Bari in faɗi tawa. Shekarar da na fara, komai a asusu ɗaya yake shiga, wanda nake sayen dizal da shi, nake biyan kuɗin makarantar yara, nake tura wa Hajiya na cefane. Daga Nuwamba zuwa Maris ciniki ya buɗe, lokacin bukukuwa, ɗakin bai cika kwana biyu a rufe ba. Kusan kwana 18 nake samu a wata, ₦720,000 ke nan, harajinsa ₦36,000. Kullum ina cewa zan haɗa in biya gaba ɗaya. Ranar da na zauna da kalkuleta bayan sallar isha'i, wata biyar ya taru, ₦180,000. Na buɗe asusu, abin da ke ciki bai kai dubu sittin ba, domin a satin na canza batiran inbata. Kuɗin da baƙi suka ba ni tun tuni, sai da na jira kwasar adashe na cike shi, ga tara a kai. Ba wanda ya cuce ni, ni na ci ajiya da hannuna.

Tun daga ranar na buɗe asusu biyu. Ɗaya na kasuwanci, da sunan da ke CAC, nan kowane baƙo ke turo kuɗi, nan POS ke zuba. Ɗayan na haraji ne zalla, ko katin cire kuɗi ban karɓa masa ba. Alat na shigowa, kafin in ajiye waya na tura kashi 5 can. Ba gobe ba, ba ƙarshen mako ba.

Da na fara yi wa fulat ɗin Kinkinau haka, Gwaggo ta ga kuɗin wata ya ragu, ta kira ni.

"Kai ɗan nan, ina sauran?"

"Gwaggo, wannan ba namu ba ne, amanar baƙi ce za a kai wa hukuma."

Ta yi shiru, ta ce, "To in amana ce kar ta kwana a hannunka." Ban sake jin maganar ba.

Littafin kuma ba sai na kwamfuta ba. Babban littafi mai bangon kwali na kasuwar Sheikh Gumi ya wadatar, in dai kowane baƙo na da layinsa: ranar shiga, ranar fita, suna da lambar katin shaida, kuɗin ɗaki, haraji, ta inda ya biya, lambar rasit. Buga rasit mai lamba a jere, mai kwafi. Wanda ya lalace kada ka yage shi, ja masa layi ka bar shi a ciki. Rasit ɗin dizal, katin wuta, gyaran esi, albashin mai gadi da mai shara, duk a fayil ɗaya wata-wata. A ajiye su shekara shida.

Hattara: in yaro ne ke karɓar baƙi a madadinka, hana shi karɓar tsabar kuɗi ko turawa a asusunsa. Ba zargi ba ne. Kuɗin da bai bi ta asusu ba shi ne wanda ba ya shiga littafi.

7. Biya kowane wata

Wata na ƙarewa, haɗa jimillar littafi, ka gwada ta da takardar banki. In sun yi daidai, cike fom ɗin wata, ka fitar da takardar biya mai lamba ta shafin PayKaduna ko a ofis, ka biya ta banki ko ta waya. Sauke rasit, buga shi a takarda, sa a fayil. Ni na ɗaure wa kaina ranar 5 ga wata, don kada ranar ƙarshe ta same ni ranar da netwok ya ɗauke.

Duba sunan harajin da ke kan takardar biya kafin ka tura. In ka zuba kuɗin masauki a layin wani haraji daban, kuɗi ya fita, bashi na nan, gyaran kuma wasiƙa ne da zirga-zirga.

Watan da ba ka yi baƙo ko ɗaya ba, kada ka yi shiru. Cike fom ka nuna babu. Shiru a wurin mai karɓar haraji ba ya nufin babu ciniki, yana nufin ba ka kawo ba.

Hattara, kuma wannan da babbar murya: dokar Kaduna ta hana karɓar kuɗin shiga na gwamnati hannu da hannu. Wata ranar Talata mai gadina ya kira ni: "Alhaji, ga wasu samari biyu da fayil, wai a ba su dubu goma sha biyar ko su rufe get." Na ce, "Baba, ba su wayar." Na gaishe su, na ce sannunku da aiki, ku bar mini takarda mai lambar biya da sunan ofishinku, gobe da safe zan biya a banki. Suka ce za su dawo da ita. Har yau Baba na jiran su. Ko da wanda ya zo na gaskiya ne, kuɗin da ka damƙa masa a hannu ba ya cikin lissafinka, za ka sake biya.

8. Airbnb, dillalai da kamfanoni

Kada ka ɗauka manhajojin kama masauki irin su Airbnb ko Booking.com sun biya maka. Buɗe bayanin kuɗin kowane baƙo ka karanta layi-layi. In ba ka ga inda aka rubuta harajin Kaduna ba, to yana wuyanka. Kuma a kan abin da baƙo ya biya na ɗaki ake lissafi, ba a kan ragowar da ta iso maka bayan manhaja ta cire la'adarta ba. Haka ma dillalin da ya kawo maka baƙo ta WhatsApp ya ɗauki nasa: la'adarsa ɗawainiya ce da za ka cire a lissafin riba, ba ta rage harajin masauki.

Kamfani ko ƙungiya in sun kama wa ma'aikatansu ɗaki, sukan cire wani kaso tun daga tushe kafin su biya ka. A kan kuɗin haya kashi 10 ne. Ba sata ba ce, harajin ribarka ne aka biya maka tun da wuri. Amma sai da takardar shaidar cirewa yake zama naka. Wani kamfani ya taɓa kama mini ɗaki wata biyu, ya cire, na yi ta bi har wanda na sani a can ya bar aiki, takarda ba ta fito ba. Yanzu a yarjejeniya nake rubuta ta, da lambar harajina a jiki, kafin in miƙa makulli.

9. VAT ya hau kanka?

Yawancin masu fulat ɗaya ko biyu, a'a. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa duk wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba nauyin karɓar VAT, sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 kuma sun ƙara faɗaɗa wa ƙananan 'yan kasuwa. Ka lura, ciniki ake dubawa, ba riba ba. In ɗakuna sun yi yawa har kana ganin ka doshi iyaka, lokacin ɗaukar akanta ya yi. Wanda ya hau kansa yana miƙawa kafin 21 ga watan da ke biye, kuma kowane haraji a kan asalin kuɗin ɗaki ake lissafa shi: a ₦120,000, VAT ₦9,000, na masauki ₦6,000, ba a ɗora wani kan wani.

Hattara: kada ka rubuta VAT a rasit don ya yi kama da na babban otal alhali ba ka miƙawa. Wannan ya wuce kuskure, karɓar kuɗi ne da sunan gwamnati.

10. Lissafin shekara

Kafin 31 ga Maris, ka kai bayanin abin da ka samu a shekarar da ta wuce. Haɗa kuɗin ɗakuna ba tare da kashi 5 ɗin ba, tunda ba naka ba ne. Cire ɗawainiyar da ke da rasit. Abin da ya rage shi ne riba. Daga 2026, ₦800,000 na farko babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, daga nan yana hawa mataki-mataki har kashi 25. Wanda duk abin da ya samu a shekara miliyan 3 ne, ₦330,000 zai biya. In kana da albashi ko wani shago, haɗa su ake yi, ba kowanne da nasa ₦800,000 ɗin ba.

Ga wani wuri da ke rikita 'yan'uwanmu mazauna Abuja masu gida a Millennium City: harajin masauki na jihar da ɗakin yake ne, wato Kaduna, harajin riba kuwa na inda kai kake zaune. In ka gama, nemi takardar shaidar biyan haraji. Shekara uku take nunawa, kuma ita ake tambaya a harkar fili da kwangila.

11. In takarda ta zo

Kada ta shiga ƙarƙashin katifa. Rubuta ranar da ta iso a bayanta, domin kwana 30 gare ka ka ƙalubalanci ƙiyasin da ba ka yarda da shi ba. In suka wuce, adadin ya zauna daram, ko da ya ninka gaskiya. Rubuta wasiƙa gajera: ga abin da aka ce, ga abin da littafina ya nuna, ga kwafin rasit da takardar banki. Biya ɓangaren da ka san ana bin ka, ka yi jayayya a kan sauran. Kai wasiƙar da kanka, a buga maka hatimi.

In bashin gaskiya ne kuma ya fi ƙarfinka, nemi a raba maka shi kashi-kashi, a rubuce, kafin magana ta kai ga kwaɗo a get da baƙi a ciki. In kuma an kasa daidaitawa, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma, a nan Kaduna take zama. Ranar da za ka je, ka tafi da lauya ko akanta, da littafin nan mai bangon kwali, da fayil ɗin rasit a jere wata bayan wata.